Gidaje masu sauƙin kuɗi a Katsina: aikin ciyaman ne, kuma wa ke sa ido a kan kuɗin?

Tambayar da ke ta yawo a majalisun Katsina da guruf-guruf na WhatsApp ita ce, tunda Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ga kuma gwamnatin tarayya ta yi maganar gina gida 100 a kowace ƙaramar hukuma, to me ya hana ciyamomi su fara gina wa talakawa gidaje? Wasu na cewa kuɗin sun zo an danne, wasu na cewa ai gida ba hurumin ƙaramar hukuma ba ne sam, wasu kuma ba ruwansu da duk wannan, su dai a faɗa musu inda ake karɓar fom. Kowa ya riƙo wani yanki na gaskiya, sai dai an cakuɗa abubuwa daban-daban wuri guda, in kuma ba a warware su ba za mu yi ta ɗora laifi inda ba nan yake ba, mu ƙyale wanda ya kamata a tsare da tambaya.

Maganar ta dame ni ne don kowa ya ga abin da haya ta zama a cikin Katsina. Gari ya tumbatsa ya shiga ƙasar Batagarawa, ga 'yan uwanmu da rashin tsaro ya koro daga Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa da Ƙanƙara, da yawansu suna rakuɓe a kangaye da gidajen dangi, ɗaki ɗaya mutum bakwai takwas. Daura ma tunda aka kawo jami'ar sufuri da poli ta tarayya, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa ta, fili ya yi tashin da ɗan gari mai ƙaramin ƙarfi ba ya iya kama shi.

Wane gida ne mai sauƙin kuɗi

Ba ƙanƙantar gida ko arhar kayan da aka gina shi da su ke sa a ce masa mai sauƙin kuɗi ba. Ma'aunin da masu harkar gidaje suka fi amfani da shi shi ne, kada abin da mutum ke biya na muhalli, haya ce ko biyan bashin gida, ya wuce kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu. In ya wuce haka to ya fara cin kuɗin hatsi da na makarantar yara da na magani.

Mu gwada da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Kashi 30 ɗinsa naira 21,000 ne a wata. Bashin gida mafi sauƙi da ake da shi a ƙasar nan shi ne na asusun gidaje na ƙasa, NHF, wanda aka kafa a 1992, ana cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashinsa ana zubawa, bankin ba da bashin gidaje na tarayya, FMBN, kuma ya ba da bashi da ruwa kashi 6, a biya cikin shekarun da za su iya kaiwa 30. To wanda zai iya biyan 21,000 a wata na tsawon shekara 30, bashin da zai iya ɗauka bai wuce kamar miliyan 3 da rabi ba. Gidan gwamnatin tarayya mai ɗaki ɗaya kuwa farashin da aka sanar a 'yan shekarun nan ya kama miliyan 8 da ɗoriya. A ce miliyan 8 da rabi ne, biyansa a wannan tsarin zai kai kusan 51,000 duk wata, wato kusan kashi uku cikin huɗu na albashin bawan Allahn nan. Kuma fa wannan mai albashi ke nan, wanda banki ya san da zamansa. Ɗan acaba, mai shayi, tela, bazawara mai sayar da ƙosai, manomin da kuɗinsa sai kaka, su ba su ma cikin lissafin.

Shi ya sa dole a raba gida biyu. Akwai gidan da ake sayarwa da rangwame ga mai albashi ko ɗan kasuwa mai matsakaicin hali, akwai kuma gidan tallafi wanda gwamnati ta san ba za ta maido da kuɗinta ba. Yawancin abin da muka gani a Katsina na farkon ne. Shagari Lokos tun zamanin mulkin Shehu Shagari na 1979 zuwa 1983, da su rukunin Goruba, Barhim, Makera, Sardauna da Fatima Shema, duk tarayya ce ko jiha ta gina su, kuma duk wanda ya san unguwannin nan ya san ma'aikata da masu ɗan hali ne suka fi yawa a ciki. Ba laifi ba ne, su ma suna buƙatar muhalli, amma kada a nuna wa talaka irin waɗannan a ce shi aka yi wa.

Abin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma

Masu cewa ba hurumin ciyaman ba ne suna da hujja. In ka buɗe jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, ba za ka ga gina wa jama'a gidaje ba. Abin da za ka gani shi ne hanyoyin cikin gari, fitilun titi, magudanan ruwa, kasuwanni, tasha, bayin jama'a, kwashe shara, sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, ƙiyasta harajin gidaje, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sai kuma sa hannu a harkar firamare da lafiya da noma. Doka ba ta hana ta gini ba in majalisarta ta amince kuma akwai kuɗin, amma ba ta wajabta mata ba.

Sai dai a sake duba jerin nan da kyau. Hanya, kwalbati, shara, kasuwa, makaranta, asibitin sha-ka-tafi, ai su ne ke sa rukunin gidaje ya zaunu. Gida ba bulo da kwano ba ne kaɗai, in aka gina shi can bayan gari babu hanya babu ruwa, damina ta zo mota ba ta shiga, yara sai sun yi tafiyar awa kafin su kai makaranta, to ko an raba makullai mutane ba za su tare ba, sai ɓarayi su ɓalle tagogi da wayoyin wuta, awaki su shige. Kenan ko da ciyaman bai aza bulo ko ɗaya ba, rabin nasarar aikin ko lalacewarsa na hannun ofishinsa.

Kuɗin, daga ina suke zuwa kuma ina suke tafiya

A rabon arzikin ƙasa da ake yi duk wata a Abuja, tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. A harajin kayan masarufi na VAT kasonsu 35 ne. Jihar Katsina na da 34 daga cikin 774 ɗin nan. Banda wannan akwai ɗan abin da suke tarawa na kasuwa da tasha da lasisi, wanda a yawancin ƙananan hukumomin karkara bai taka kara ya karya ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne sashe na 162 na tsarin mulki, wanda ya samar da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Shekara da shekaru kuɗin ta nan suke bi, jiha ta karɓa, a yi cire-cire, abin da ya rage a miƙa. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma ce kantomomin riƙo ba su da gurbi, zaɓaɓɓu kaɗai doka ta sani. To amma hukunci daban, aiwatarwa daban. An yi ta jan ƙafa a kan buɗe asusu a Babban Banki da sauran ƙa'idoji, don haka duk wanda ya ce maka tun washegarin hukuncin kuɗi suka fara sauka a hannun ciyaman, bai bi maganar da kyau ba.

Ko da kuɗin sun sauka gaba ɗaya ma, akwai masu jira a bakin ƙofa. Albashin malaman firamare daga nan yake fita, kuma shi ne ke lashe kaso mafi tsoka. Ga ma'aikatan lafiya na matakin farko, ga ma'aikatan sakatariya, ga fansho da garatuti, ga kason masarauta, ga kuma harkar tsaro da ta zama dole a ƙananan hukumomin da ke bakin daji. Gaskiya ne tunda aka cire tallafin mai a Mayun 2023 adadin nairorin da ake rabawa ya ƙaru sosai, amma siminti da rodi da kwano da kuɗin tifar yashi su ma ba su tsaya jira ba, buhun siminti har ya haura dubu 10 a lokuta da dama.

Yanzu a yi lissafi. Gida 100 a kan miliyan 8 da rabi, miliyan 850 ke nan, ba a sa diyyar fili ba, ba a sa hanya da ruwa da taransifoma ba. Ƙaramar hukuma irin Sandamu ko Baure ta zuba wannan a gida 100, alhali akwai ajujuwan da iska ta yaye wa kwano da asibitocin da ba gado, wallahi ni ban ga adalci a ciki ba, don iyali 100 ne za su amfana da kuɗin mutum dubu ɗaruruwa.

Gidaje 100 ɗin da ake magana

Wannan shirin na tarayya ne, ba na ƙananan hukumomi ba. Ma'aikatar gidaje ta tarayya ce ta sanar da shi a hannun Ahmed Musa Dangiwa, ɗan jihar nan da aka naɗa minista a 2023, wanda kafin nan ya shugabanci bankin FMBN. Gida 100 a kowace ƙaramar hukuma, jimla 77,400, kason Katsina zai kama 3,400. Daban yake da rukunin gida 250 na shirin Renewed Hope da aka aza harsashinsa a Katsina a 2024, wanda shi na sayarwa ne. Kuma sanarwa ba gini ba ce, sai an ware kuɗi an sake su an ba da kwangila tukuna. Don haka duk wanda ya zo maka da fom a hannu ko ya turo maka wani adireshin intanet ya ce ka tura kuɗi a sa sunanka, ka je sakatariya ko ofishin ma'aikatar gidaje ka tambaya da bakinka kafin ka fitar da ko sisi.

Jihar da ƙidayar 2006 ta ba mutum miliyan 5.8, yanzu kuwa Allah kaɗai ya san yadda muka ƙaru, gida 3,400 ba zai kashe ƙishirwa ba. To idan abu ya yi kaɗan masu so suka yi yawa, rabonsa shi ne wurin rigima, kuma a nan ne za a nemi ƙaramar hukuma, ita za ta nuna fili, ita za a tambaya su wa suka cancanta.

Fili, inda ƙaramar hukuma ke da ƙarfi na gaske

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Yankin da aka ayyana birni ne gwamna ke ba da takardar mallaka, wadda muke ce wa C of O, kuma a Katsina yanzu harkar na bi ta hukumar adana bayanan filaye ta jiha, KATGIS, tsara gari da izinin gini kuma ta hukumar tsara birane ta jiha. Amma a ƙasar da ba birni ba, ƙaramar hukuma ce doka ta ba ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya don noma ko zama, har ma dokar ta ce kowace ta kafa kwamitin ba da shawara kan rabon fili. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, sun ɗauka takardar mai unguwa da shaidu uku ita ce ƙarshe.

A nan ne kuma ake cutar manomi. Doka ta yarda gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, amma diyyar da take biya ta abin da ke kan filin ce, shuka da itatuwa da gini, ba kuɗin filin a kasuwa ba. Sai ka ga gonar gado da ke ciyar da gida guda an ƙiyasta ta a kan 'yan bishiyoyin darbejiya da geron shekara ɗaya, bayan shekara biyu fuloti ɗaya a cikinta ya fi duk diyyar da aka ba mai ita. In gidajen talakawa aka gina da gaske, da sauƙi, mutum zai haƙura ya ce sadaka ce mai gudana. Abin da ke ƙona rai shi ne a karɓa da sunan talakawa, a yanka, ya ƙare a hannun dillalai. Duk shirin gidajen da bai sa masu gonar a sahun farko na waɗanda za a ba fuloti ko gida ba, ya raba wani da abincinsa ne don ya ba wani wurin kwana.

Akwai kuma zaɓen wurin kansa. Wanda ya tuna ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, da rayukan da aka rasa da gidajen da ruwa ya tafi da su, ba sai an yi masa dogon bayani a kan gini a hanyar ruwa ba. Dattawan gari sun san inda ruwa ke bi tun kafin a haifi injiniyan da zai zo awo, a tambaye su mana.

Su wa ke sa ido, kuma ta ina kuɗi ke zurarewa

A takarda masu sa ido suna da yawa. Kansiloli ne ke amincewa da kasafin kuɗi kuma suna da ikon tambayar yadda aka kashe. Akwai odita janar na ƙananan hukumomi da ke bincikar littattafansu ya kai rahoto majalisar dokokin jiha. Akwai ma'aikatar ƙananan hukumomi, akwai hukumar kula da ba da kwangila ta jiha. Daga sama akwai ICPC da EFCC, ga kuma hukumar bin diddigin hada-hadar kuɗi, NFIU, da ta fito da ƙa'ida a 2019 cewa kada a ciri tsabar kuɗi sama da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma.

Matsalar ita ce yawancin waɗannan bayan an gama ɓarna suke zuwa. Odita takarda yake dubawa, in rasit ya cika fayil ya yi kyau shi ke nan, ba shi zai fasa bulo ya ga ko yashi ne zalla ba. Majalisar kansiloli kuma, a zaɓen Fabrairun 2025 jam'iyya ɗaya ce ta lashe kujerun ciyaman 34 da na kansila 361 gaba ɗaya, kuma ba Katsina kaɗai ba, kusan kowace jiha jam'iyyar gwamna ce ke kwashe duka ko wace jam'iyya ce. Ba ina cewa duk ba mutanen kirki ba ne, akwai masu tsoron Allah a ciki, amma majalisar da ba ɗan adawa ko ɗaya, kuma kowa ya san wanda ya taimaka masa ya samu tikiti, da wuya wani ya miƙe ya ce ranka ya daɗe kawo takardun kwangilar nan mu gani.

Zurarewar kuma hanyoyinta sanannu ne ga duk wanda ya taɓa zama kusa da aikin gini. Ana iya faro ta tun daga kwangila, a ƙi tallatawa, ko a daddatsa babban aiki ƙanana-ƙanana don kada ya kai adadin da sai an yi takara, ko a ba kamfanin da ba shi da ko baro, shi kuma ya cire nasa ya sayar wa wani, wanin ma ya sayar, kafin aiki ya iso hannun magini rabin kuɗin ya tafi. To magini ba zai yi asara ba, a jikin ginin zai fanshe. Buhun simintin da ya kamata ya ba da bulo 30 da 'yan kai sai a matsa shi ya ba da 50, rodi mai kauri a musanya shi da siriri, harsashi a taƙaita haƙarsa, katakon rufi a sa ɗanye ba magani gara ta cinye, kwano a sa mai shara-shara. Duk wannan fenti na rufe shi ranar buɗewa. Sai damina biyu ta wuce bango ya fara tsagewa.

Sannan akwai biyan kuɗi kafin aiki. Ƙa'ida ita ce bayan kuɗin somin aiki, ba a sake biya sai injiniya ya je ya auna ya sa hannu cewa an kai mataki kaza, a ƙarshe kuma a riƙe wani ɗan kaso, galibi kashi 5, na wasu watanni, in gyara ya taso a yi da shi. In wanda ya ba da kwangila da wanda zai sa hannu cewa an gama aiki da wanda zai biya duk bakinsu ɗaya, an ba kura ajiyar nama ke nan. Ga kuma ciwon da ya fi kowanne yawa, sabon shugaba ya zo ya ƙi ƙarasa aikin na baya don ba sunansa za a kira ba, gini ya tsaya a linta shekara biyar, lokacin da za a dawo kansa kuɗin ƙarasawa ya ninka.

Rabo shi ne mataki na ƙarshe kuma shi ya fi ciwo. In aka ce kowane babba ya kawo sunaye, an gama. Mai gida uku zai karɓa da sunan ƙaninsa ko direbansa ya zuba 'yan haya. Maganinsa ba boyayye ba ne, a faɗi sharuɗɗa tun kafin a aza harsashi, masu unguwanni da magaddai da limamai su tantance wanda da gaske ba shi da muhalli, amma kada a tsaya nan don su ma mutane ne ana iya matsa musu, a liƙa sunayen a sakatariya da ƙofar fadar hakimi a karanta a rediyo, a ba da sati biyu duk mai ƙorafi ya kawo, in masu cancanta sun fi gidajen yawa a jefa ƙuri'a a bainar jama'a. A kuma rubuta a takardar cewa ba sayarwa ba sa haya har shekaru kaza, wanda ya karya a karɓe. Mata zawarawa masu riƙe da marayu a ware musu nasu kason da sunansu, don in aka bar su su yi gogayya da maza a layin sakatariya ba za su samu ba.

Ra'ayoyin da ake ta ja a kai

Masu cewa ƙaramar hukuma ta gina da kanta hujjarsu ita ce ta fi kusa da jama'a, ta san kowa, kuma za ta ba magina da kafintoci da masu buga bulo na gari aiki maimakon kamfanin da zai zo da leburorinsa daga wani wuri. Masu cewa a bar wa jiha kuma suna cewa sashen ayyuka na yawancin ƙananan hukumomi ba shi da isassun injiniyoyi da masu ƙiyasin kuɗin gini, jiha kuwa tana da hukumar gidaje, kuma mai sayen siminti tirela-tirela ya fi samun rangwame. Duk biyun akwai gaskiya.

Ni dai inda na tsaya shi ne, ƙaramar hukuma ta fi amfani in ta shirya fili maimakon ta gina gida. A samu wuri mai kyau kusa da gari, a biya masu shi haƙƙinsu, a yanka fulotai, a fitar da hanyoyi a zuba musu tsakuwa, a yi kwalbatoci, a haƙa borehol mai sola, a ware filin makaranta da masallaci da asibiti da maƙabarta tun kafin a cinye su, a ba mutum takardar da ba mai tashinsa, ya biya kaɗan-kaɗan. Kuɗin gida 100 zai shirya fulotai ninkin-ba-ninkin haka. Mu dama haka muke gini tun kakanni, mutum ya ja katanga, ya yi ɗaki ɗaya da bayi ya tare, kaka ta yi kyau ya ƙara ɗaki, yaro ya isa aure a fitar masa da nasa sashe. Kuma zai gina abin da ya dace da zamansa, da zaure da tsakar gida inda iyali za su sha iska ba a ganinsu daga waje. Dubi gidajen gwamnati da aka raba a baya, abu na farko da mutum ke yi in ya karɓa shi ne ya ja katanga ya fasa nan ya toshe can, don wanda ya zana gidan bai yi tunanin gidan Bahaushe mai mata da yara da baƙi ba. Ga zafin Afrilu a Katsina da ke haura digiri 40, ɗakin bulo mai gajeren rufin kwano ba ya kwantuwa, alhali ginin ƙasa da aka inganta, irin bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji a sa masa ɗan siminti, wanda cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa ta daɗe tana aiki a kai, ya fi sanyi kuma ƙasar a nan take.

Na san abin da za a ce, fuloti ya fi gida saurin sayarwa, dillalai za su bi talakawa su saye. Haka ne, shi ya sa sharaɗin hana sayarwa da wa'adin fara gini dole ne. Kuma akwai waɗanda ko fulotin aka ba su ba su iya ɗora ɗaki, tsofaffi, masu buƙata ta musamman, waɗanda aka ƙone wa ƙauye, su gidan tallafi ne haƙƙinsu kuma tarayya da jiha su ya kamata su ɗauki nauyin. Ginin da nake ganin ya kamata ƙaramar hukuma ta yi da kuɗinta shi ne kwatas na malamai da ma'aikatan lafiya a ƙauyuka. Asibiti nawa ne ake kullewa da la'asar don ungozoma ba ta da inda za ta kwana, mace ta tashi naƙuda da dare sai an ɗauko ta a babur zuwa gari? Ɗaki biyu a jikin asibitin zai iya ceton rai.

Sai maganar kuɗin ruwa, wadda ake yawan tsallakewa. Mutanenmu da yawa ko kashi 6 ɗin nan ba za su karɓa ba don gudun riba, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Duk shirin da za a kawo Katsina ko Daura in ba a tsara shi ta hanyar da shari'a ta yarda ba, kamar a sayar da gida a kan farashi tsayayye a biya a hankali, ko haya mai ƙarewa da mallaka irin wadda bankunan Musulunci ke yi, to an rufe wa masu yawa ƙofa tun kafin a buɗe.

Abin da mai unguwa da ɗan unguwa za su iya yi

In aka kafa allon aiki a yankinku, allon ya kamata ya nuna wa ya ba da aikin, wane kamfani, gida nawa, wata nawa. In babu, wannan ma abin tambaya ne. Kowace unguwa tana da magini ko injiniya mai ritaya da zai kalli bulo ya san ƙarfinsa, a roƙe shi ya riƙa leƙawa tun ana harsashi, a ɗauki hoto da waya da kwanan wata, don bayan an yi filasta ba abin da ido zai gani. Gwamnatin jiha ta kafa shirin raya al'umma a mazaɓu 361, ana kuma zaman jin ra'ayin jama'a kafin kasafi, to a nan ya kamata a kai maganar fili da kwalbati a rubuce, da sunan ƙungiya, ba mutum ɗaya da za a iya kira gefe a lallasa ba.

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardun aikin gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan jihohi ma, ba tarayya kaɗai ba. Wasiƙar ba ta buƙatar lauya, a rubuta wa ciyaman ko sakataren ƙaramar hukuma a nemi kwafin kasafin bana, da sunan ɗan kwangila, da adadin da aka biya shi zuwa yau, da jerin waɗanda aka ba gida ko fuloti, a kai kwafi biyu a sa a buga wa ɗaya hatimin karɓa a dawo da shi. Doka ta ba su kwana 7 su amsa, in sun ƙi ana iya kai maganar kotu, in kuma akwai alamar an ci kuɗi, wannan kwafin mai hatimi da hotunan da aka ɗauka su za a haɗa a kai wa ICPC.